Idan An Ƙi Da'awarka ta Neman Kariya a Hong Kong: Yadda Ake Kai Maganar Babbar Kotu

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa sarin wayoyin hannu a Hong Kong ya san Chungking Mansions, dogon ginin nan mai hawa 17 da ke kan titin Nathan, 'yar tafiya kaɗan daga babban masallacin Kowloon. Shekara da shekaru nan ne masaukin fataken Afirka ta Yamma, har da 'yan Najeriya da Ghana. Sai dai ba kowa ne da ke kai-kawo a ginin kasuwa ta zaunar ba. Akwai waɗanda bizarsu ta ƙare, suka miƙa kansu ga hukumar shige da fice, suka ce in aka mayar da su gida ransu na cikin haɗari. Mafi yawan masu irin wannan da'awa daga ƙasashen Asiya suke, irin su Indiya da Pakistan da Bangaladesh da Indonesiya da Biyetnam, amma akwai 'yan Afirka a cikinsu. Su nake wa wannan bayani, tare da iyaye da 'yan'uwa na gida waɗanda kullum abin da suke ji a waya shi ne "maganata tana kotu," ba su san wace kotu ba, ba su san me take dubawa ba.

Da farko a san cewa Hong Kong ba ta ba da mafaka irin yadda aka sani a Turai. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba ta taɓa aiki a can ba, ko a zamanin mulkin Birtaniya ko bayan komawar birnin hannun Sin a 1997. Abin da ke akwai shi ne hani: kada a tasa ƙeyar mutum zuwa inda za a azabtar da shi ko a kashe shi ko a tsananta masa. Wannan hanin ma kotuna ne suka gina shi kaɗan-kaɗan. A 2004, a shari'ar Prabakar, kotun ƙoli ta birnin ta ce tunda rai da lafiyar mutum ne a kan gaba, dole a bi matakin adalci mai tsauri wajen tantance mai tsoron azaba. A watan Disamba na 2012 aka yanke shari'ar Ubamaka, wadda wani ɗan Najeriya ya shigar bayan ya gama zaman kurkuku a Hong Kong, yana tsoron a sake hukunta shi a gida a kan laifi guda a ƙarƙashin wata dokar soja ta 1990. Shi kansa bai yi nasara ba, amma kotun ta tabbatar da cewa kariya daga azaba da wulaƙanci haƙƙi ne da ba a tauye wa kowa, ko da kuwa ba shi da izinin zama. A 2013 wata shari'ar ta tilasta wa gwamnati ta riƙa tantance masu tsoron tsanantawa da kanta. Waɗannan hukunce-hukunce ne suka haifi tsarin tantancewa na bai-ɗaya da ake kira USM, wanda ya fara aiki ranar 3 ga Maris, 2014.

Matakai biyu na farko ba su ne batunmu ba, don haka zan taƙaita. Mai da'awa yana cike fom cikin kwana 28, da taimakon lauyan da gwamnati ke biya, sannan jami'in shige da fice ya yi masa tambayoyi ya yanke hukunci a rubuce. In an ƙi, yana da kwana 14 ya kai kuka ga kwamitin ɗaukaka ƙara, wato TCAB, wanda ke sake sauraron maganar tun daga tushe. A wannan mataki lauyan gwamnati ba ya ci gaba da tsaya wa mutum sai in ya ga ƙarar tana da ƙwari, shi ya sa da yawa su kaɗai suke zuwa. Waɗanda ake amincewa da da'awarsu a matakan biyu ba su wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba. Saura kuwa, ƙofar da ta rage musu ita ce bitar hukunci a Babbar Kotu, abin da masu da'awa ke kira JR.

A nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa tun kafin su fara, domin sun ɗauka Babbar Kotu za ta zauna ta sake jin labarinsu daga farko. Ba haka ba ne. Alƙalin ba ya tambayar ko labarinka gaskiya ne, ko garinku na da haɗari. Doka ta bar wannan a hannun jami'in shige da fice da kwamitin, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta nanata haka a shari'ar Nupur Mst ta 2018. Aikin alƙali kamar na sarkin kasuwa ne da aka kai wa ƙarar awo: ba ruwansa da ko geron ya yi tsada, mudun yake dubawa, ya ga ko an buge gindinsa. Abu uku yake nema a hukuncin kwamitin. Ko an yi kuskure wajen fahimtar doka, ko an tauye maka adalci a yadda aka gudanar da zaman, ko kuma an kai ga matsayar da babu mai hankalin da zai kai gare ta daga hujjojin da ke gabansa. In ba ka nuna masa ɗaya daga cikin ukun ba, ko hawayen jini ka zubar ba shi da ikon taimakonka. Gaskiya ne cewa a irin wannan shari'a alƙali yana bin hukuncin da tsananin lura saboda rai ne a ciki, amma lurar ba ta mayar da shi kwamiti na biyu.

Abu na gaba shi ne wa'adi. Doka ta 53 ta ƙa'idojin Babbar Kotu ta ce a shigar da buƙata ba tare da jinkiri ba, kuma ko ta yaya kada a wuce wata 3. Ka fara lissafi daga kwanan watan da ke jikin hukuncin kwamitin, kada ka fara daga ranar da wasiƙar ta shigo hannunka ko ranar da wani ya fassara maka. Wanda ya makara sai ya roƙi ƙarin lokaci, alƙali kuma zai auna tsawon jinkirin, da dalilinsa, da ƙwarin ƙarar kanta, da illar da jinkirin zai jawo. "Ban san doka ba" da "ba na jin Turanci" dalilai ne da alƙalai suka ji har suka gaji, kuma ba safai suke karɓarsu su kaɗai ba. Neman lauyan gwamnati ma ba ya tsayar da wata ukun nan. Mutum yana iya zama yana jiran amsa daga ofishin tallafin shari'a, wa'adi ya wuce shi yana ganin yana kan hanya. Ka nemi tallafin tun makon farko, amma in ka ga lokaci na ƙurewa ka shigar da takardarka da kanka.

Takardar ita ce Fom 86, kuma da ita ake neman izinin kotu, domin ba a shiga bitar hukunci kai tsaye sai alƙali ya ga ƙarar tana da hujjar da za a iya tsayawa a kai, mai yiwuwar nasara ta haƙiƙa. Ana shigar da ita a rajistarar Babbar Kotu da ke lamba 38, titin Queensway, a unguwar Admiralty, a biya kuɗin shigar da ƙara, a ba ka lambar shari'a mai farawa da HCAL. A ginin akwai ofishin da ke taimaka wa marasa lauya da fom da bayanin tsari, ko da yake ba ya ba da shawarar shari'a. A cikin fom ɗin ka rubuta cewa hukuncin kwamitin kake ƙalubalanta, da kwanan watansa, ka sa kwamitin a matsayin wanda ake ƙara, Daraktan shige da fice kuma a matsayin mai ruwa da tsaki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A shari'ar Moshsin Ali ta 2018 kotu ta ce da zarar kwamitin ya yanke hukunci, nasa ya maye gurbin na jami'in farko, don haka wanda ya ɓata shafi uku yana sukar jami'in da ya yi masa tambayoyi ya yi aikin banza.

Akwai wani ɗan layi da mutane ke tsallakewa: in kana son alƙali ya saurare ka baki da baki, dole ka rubuta haka a cikin fom ɗin. In ba ka nema ba, yana da ikon ya yanke hukunci daga takardu kawai. Shawarata ka nema, musamman in rubutun Turanci ba ya yi maka sauƙi, kuma ka faɗi harshen da kake buƙatar tafinta a ciki tun da wuri. In an sa rana kuma ka je. Wanda ya nemi zama ya ƙi halarta ya mayar da kansa inda ya fito, a duba takardunsa ba ya nan.

Tare da fom ɗin ake haɗa takardar rantsuwa, wadda ake sa wa hannu a gaban jami'in rantsarwa, da tafinta in ana buƙata. A jikinta ake liƙa kwafin hukuncin kwamitin da na jami'in shige da fice da duk wata takarda da ka dogara da ita. Da yake a wannan mataki kai kaɗai kotu ke ji, ɗaya ɓangaren ba ya nan, doka ta ɗora maka nauyin faɗin gaskiya duka, har da abin da ba ya yi maka daɗi. In ka taɓa janye da'awa, ko ka ƙi zuwa zaman kwamitin, ko an taɓa ɗaure ka, ka faɗa ka yi bayani. Duk yana cikin fayil, kuma alƙalin da ya gano ka ɓoye abu ɗaya zai yi shakkar sauran.

Yanzu ga ainihin aikin, wanda ya fi cin lokaci. Ka ɗauki hukuncin kwamitin, ka sami biro da wanda ke jin Turanci sosai, ku zauna. Kowane sakin layi yana da lamba. Ku bi shi ɗaya bayan ɗaya, kana tambayar kanka: abin da aka rubuta na faɗa, shi na faɗa? Takardun da na miƙa, an ambace su? Inda aka ce maganata ta ci karo da juna, an tambaye ni a zaman don in yi bayani, ko kuwa sai a hukunci na fara ganin zargin? Rahotannin da aka dogara da su kan halin ƙasata, na wace shekara ne, kuma an kawo ɓangaren da ke goyon bayana ko an tsinci mai daɗi kawai? Duk inda ka ga matsala ka ja layi, ka rubuta lambar sakin layin a gefe.

A ƙaddara mutum ya fito daga wani ƙauye a arewa maso yammacin Najeriya, ya ce 'yan bindiga na nemansa shi musamman saboda ya ba jami'an tsaro bayani a kansu. Kwamitin ya ƙi, ya ce bai gaskata an taɓa kama shi ba, kuma ko an kama shi yana iya komawa Legas ko Abuja ya zauna lafiya. In mutumin nan ya rubuta wa kotu cewa rayuwarsa na cikin haɗari, ƙasarsa babu tsaro, kwamitin bai yi masa adalci ba, to bai ce komai ba. Alƙalai na ganin ɗaruruwan irin wannan takarda, wasu ma kalma da kalma iri ɗaya, domin hannu guda ne ya rubuta wa kowa. Amma a ce ya rubuta cewa a sakin layi na 41 kwamitin ya ce babu wata shaida da ke nuna an taɓa yi masa rauni, alhali ya miƙa rahoton likita mai bayanin tabon da ke bayansa, ga kwafi a haɗe, kuma babu inda hukuncin ya ambaci rahoton ko ya faɗi dalilin watsi da shi. Ya ƙara da cewa a sakin layi na 55 an ce zai iya zama a Legas, amma ba a taɓa yi masa wannan tambaya a zaman ba, da an yi da ya bayyana cewa ya gwada komawa wani gari kuma an bi shi har can. Wannan magana ce da alƙali zai iya riƙewa: ta farko watsi da hujja ce mai muhimmanci, ta biyu tauye haƙƙin a ji ta bakin mutum. Hujja biyu irin waɗannan sun fi shafi goma na kuka.

Maganar komawa wani gari ita ce ke kayar da 'yan Najeriya da yawa, domin ƙasa ce mai faɗi da jama'a fiye da miliyan 200, kuma kwamitin yakan ce wanda ke tsoron wasu mutane a jiha ɗaya yana da wasu jihohi 35 da Abuja. Haka nan maganar kariyar hukuma: in masu barazanar ba jami'an gwamnati ba ne, za a tambaya ko ka kai ƙara wurin 'yan sanda, in ba ka kai ba me ya hana. Ka lura da kyau, in kwamitin ya kafa hukuncinsa a kan ƙafa uku, wato bai gaskata ka ba, akwai kariyar hukuma, kuma kana iya ƙaura, to karya ƙafa ɗaya ba lallai ya wadatar ba. Alƙali na iya cewa ko da an yi kuskure a nan, sauran biyun sun riƙe hukuncin. Ka nemi aibin kowacce.

Akwai kuma kuskuren doka da ya kamata a sa wa ido, domin dalilan kariya huɗu ne kuma ma'auninsu ya bambanta. Azaba a ma'anar dokar shige da fice tana buƙatar hannun jami'in gwamnati ko kau da kansa. Kariya daga mugun wulaƙanci da ke sashe na 3 na dokar haƙƙin ɗan Adam ta Hong Kong ba ta tsaya a kan jami'i ba. Haƙƙin rayuwa yana sashe na 2. Tsanantawa kuwa sai ta kasance saboda launin fata ko ƙabila, ko addini, ko ƙasar asali, ko ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukuni na jama'a. In kwamitin ya auna dukkansu da ma'auni ɗaya, ko ya nemi ka tabbatar da cewa lallai za a cutar da kai alhali doka haɗari na haƙiƙa kawai take nema, wannan hujja ce mai ƙarfi. Ita ce kuma irin wadda ido marar horo ba ya gani, shi ya sa neman lauya ya zama dole ga mai iko. Ofishin tallafin shari'a yana duba aljihunka da ƙwarin ƙararka kafin ya amince. Ƙungiyar Justice Centre Hong Kong tana taimaka wa masu neman kariya ta fuskar doka, cibiyar Christian Action da ke cikin Chungking Mansions kuma tana hidima ga 'yan gudun hijira.

Dole in faɗi wata magana mai ɗaci. In ainihin abin da ya hana ka komawa gida bashi ne, ko rikicin gado da gona, ko kunyar komawa hannu rabbana, da wuya ƙwarai wannan hanya ta fitar da kai, kuma ƙirƙirar labari ba ya ƙara komai sai shekarun wahala. Buƙatun bitar hukunci na masu da'awa sun tashi daga 60 a 2016 zuwa fiye da 3,700 a 2019, layi ya yi tsawo, kuma masu gaskiya da ke cikinsa su ne suka fi cutuwa. Duk tsawon jiran nan ba a yarda ka yi aiki ba. Wanda aka kama yana aiki na iya fuskantar ɗauri har shekara 3 da tarar dalar Hong Kong 50,000. Tallafin da ake bayarwa ta hannun ƙungiyar ISS kuwa dalar Hong Kong 1,500 ne na haya da dala 1,200 na abinci a wata ga babba, a birnin da hayarsa ke cikin mafi tsada a duniya.

Hukuncin alƙali yana zuwa a takardar da ake kira CALL-1, ta gidan waya, zuwa adireshin da ka ba kotu. In ka sauya ɗaki ka sanar da rajistara a rubuce a makon, kada ka ɗauka sanar da jami'in shige da fice da kake sa hannu a wurinsa ya wadatar. Mutane da dama sun rasa damar ɗaukaka ƙara saboda wasiƙa ta tafi tsohon gida, kotu kuma ta ce laifinsu ne. In an ba da izini, sai a shiga cikakken sauraro. In ka yi nasara a can, kotu ba ta ba ka kariya da kanta: tana soke hukuncin ne ta mayar da maganar ga kwamitin a sake ji, sau da yawa a gaban wani mai sauraro dabam. Ko wanda aka amince da da'awarsa a ƙarshe ba ya samun izinin zama na dindindin. Ana dakatar da mayar da shi, in kuma dalilinsa tsanantawa ne sai a miƙa batunsa ga hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nema masa wata ƙasa.

In an hana izini, kwana 14 kacal gare ka ka tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma a can kuskuren alƙalin za ka nuna, ba na kwamitin ba. Sababbin hujjoji da ba ka kawo a ƙasa ba, ba safai ake sauraronsu ba. Daga nan sai kotun ƙoli, wadda ba ta karɓar ƙara sai mai ɗauke da tambayar doka da ta shafi jama'a baki ɗaya. Amma ka san cewa tun 7 ga Disamba, 2022, manufar gwamnati ita ce tana iya tasa ƙeyar mutum da zarar alƙalin Babbar Kotu ya yi watsi da buƙatarsa, ko da ɗaukaka ƙara na nan a gaba, kuma ana iya tsare shi a cibiyar Castle Peak Bay da ke Tuen Mun kafin tafiya. Saboda haka Fom 86 ɗin nan na farko shi ne babbar damarka, kada ka cike shi da garaje da tunanin za ka gyara a sama. In kuwa wani sabon abu mai girma ya faru a gida bayan an gama shari'arka, hanyarsa dabam ce: sashe na 37ZO na dokar shige da fice ya ba da damar neman shigar da sabuwar da'awa a rubuce, in ka nuna yanayi ya sauya sosai. Masu maimaita tsohon labari ta wannan ƙofa kotu kan hana su sake shigar da ƙara sai da izinin alƙali.

Ku kuma iyaye da 'yan'uwa da ke gida, in ɗanku ya bugo waya yana neman kuɗin "mai rubuta takarda," kafin ku tura ku tambaye shi kwanan watan da ke jikin hukuncin kwamitin, ku tambaye shi wane sakin layi ne zai nuna wa alƙali, ku kuma tambaya ko mai rubutun lauya ne mai rajista a Hong Kong. In yana da wata shaida da ya taɓa miƙawa wadda asalinta ke hannunku, rahoton asibiti ko takardar 'yan sanda, ku aika masa da ita tun wata ukun bai cika ba.